Dilon Kwana Shida

Bana sama ta riƙe ruwanta. Watan bakwai na manoma ya kama har ya raba, amma kullum da la'asar sai hadari ya haɗo daga gabas baƙi ƙirin, mu kwashe shanya da gudu, sannan iska ta zo ta watsa shi, ta bar mu da zafin da ya fi na jiya. A unguwarmu nan Damagaram robine, wato famfo, ya yi kwana tara bai ɗiga ba. Masu ga-ruwa sun zama manya, sai an yi musu magana da ladabi. Mutanen ƙauye sun fara shigowa da buhu a naɗe ƙarƙashin hammata, su tambayi tiyar gero, su ji kuɗinta, su juya. Na san irin wannan juyawar, na taɓa ganin ta wajen Babana.

Cikin wannan hali jikata Ramatu ta tashi daga zazzaɓi. Shekararta biyu da rabi. Ta rame har wuyanta ya yi tsawo, kuma ta ƙi abinci. Tuwo ta kau da kai, shinkafa ta tofar. Uwarta Nafisa, ƴata ta uku, sai ta koma ga injinta na markaɗe mai aiki da kuran, wato lantarki, wanda suke ce wa mikser. Tana zuba nonon kanti da ake ce wa yawur, da ayaba, ta ƙara soyayyar gyaɗa, da farin garin ƴaƴan kuka, da ɗan cokalin zogale, sannan ta kawo dabinon da ta jiƙa tun safe. Injin ya yi ta kururuwa kamar ana yanka shi, abu ya fito lukui. Ba zan yi ƙarya ba, yana da daɗi, kuma yana riƙe ciki. Ni da na yi shekara talatin ina dama fura ina sayarwa a garin nan, ban isa in raina shi ba.

Sai dai ina da wata ɗabi'a da ta ishi kowa a gidan. Ba a zuba dabino ko sukari cikin abin sha sai na ɗanɗana kowane abu shi kaɗai. Gyaɗar in tauna ta, in ji ko ta yi fumfuna. Nonon in lasa. Garin in ɗiba da yatsa in ɗora a harshe, in jira. Jikokina sun sa mini suna Duwan.

"Inna, wallahi ko duwan na kan iyaka ba su kai ki binciken kaya ba," in ji Nafisa. "Kuran zai tafi muna nan muna jiran hatiminki."

"Ya tafi mana. Maburgi bai mutu ba."

Ranar Talatar da ta wuce ta dawo daga aiki da wata ƴar leda mai rubutu, ta ajiye kusa da injin. Na ce mene ne. Ta ce garin hanza ne, wata ƙawarta ta ba ta, an ce yana gina jiki, yanzu gyara shi ake yi a ɗaure a leda.

"Dilo ke nan," na ce.

"Shi fa. Kin san shi ashe." Tana ɓare ayaba, ba ta dube ni ba. "In ma da ɗan ɗaci, dabino zai rufe shi, ba za ta ji ba."

Na laluba kujera na zauna, na ce kada ta taɓa ledar nan tukuna.

Ina da shekara goma sha uku lokacin da na san dilo, a ƙauyenmu cikin ƙasar Gouna. Damina biyu a jere gero bai yi ba. A ta biyun sai da ya fitar da kai, sannan ruwa ya ɗauke, geron ya bushe a tsaye. Rumbunmu ya ƙare tun kafin bazara. Baba ya sayar da tumaki, ya bar akuya ɗaya saboda nononta. Muka ci dusa, muka ci tafasa da jiga, muka tona gidan tururuwa muna tsintar hatsin da suka tara. Da wannan ma ya ƙare, sai kowa ya fuskanci daji wajen hanza.

Wanda bai san hanza ba, ɗan itace ne gajere, ba ya jin fari. Lokacin da komai ya ƙone shi yake kore shar, ya yi ƴaƴa cunkus, kamar ya san ranar da za a neme shi. Ƙwayar cikin ƴaƴan ita ce dilo. Ɗacinta ba irin na magani ba ne da ake runtse ido a haɗiye. Wanda ya ci ta yadda take, cikinsa zai gaya masa.

Mata sukan fita tun da asuba, su goma, su ashirin, da ƙwarya da buhu. Da farko bayan gari ake tsinka, daga baya sai an yi tafiyar da rana za ta take kafin a ga itacen da ba a riga an wanke shi ba. A dawo a shanya, a sussuka a turmi, a sheƙe, a fitar da ƙwayar. Dakan tare ake yi, gida-gida, don babu macen da ke da ƙarfin gama nata ita kaɗai. Ba a waƙa a wannan dakan. Sai ƙarar taɓarya da nishi, wata ta tsaya ta dafa bango har jiri ya sake ta, wata ta karɓa.

Sannan a jiƙa. Nan aikin yake. A zuba dilon a tukunya, a cika da ruwa, kullum a tsiyaye a zuba sabo, har kwana shida ko bakwai. Ruwan da aka tsiyaye can nesa ake kai shi a zubar, ko akuya ba ta kusantar sa. Kuma a garinmu akwai doka: ba a dafa dilo, ba a daka shi, ba a sa masa ko gishiri, sai tsohuwar gida ta ɗanɗana. A gidanmu Kaka ce, uwar Babana. Kowace safiya takan tsamo ƙwaya ɗaya, ta fasa da haƙoranta huɗun da suka rage, ta riƙe a harshe tana kallon ƙasa, sannan ta tofar.

"Saura," ta ce. Ta koma ɗakinta.

Na tsani kalmar nan. Cikinka na kuka, abinci na gabanka a tukunya, tsohuwa ta ce saura. Har a raina nakan ce jin daɗin mulkinta take yi.

Ƙanwata Habsu tana da shekara biyu da ƴan watanni. An yaye ta da wuri saboda Innarmu na da ciki. Ni ce mai goyonta, a bayana ta girma, ni take kira idan ta farka. Yarinya ce mai dariya da surutu, amma a bazarar nan surutun ya ragu, gashinta ya yi ja ya yi laushi, ƙafafunta suka kumbura. Dilo ko an gyara shi sarai yana da wani ɗan bauri a ƙarshen harshe. Manya su haɗiye, Habsu kuwa da ta ji sai ta datse baki. A matse ta a ɗura, ta dawo da shi. Abin da ya tsaya mana a rai a gidan ke nan, yadda za a yi Habsu ta ci.

Ni kuma tun ina ƙarama an san ni da hannun fura. Idan na dama, Baba yakan ce ta Rabi ce wannan, ba sai an gaya masa ba. Na san yawan cittar da ke tada ƙamshi ba ta yi yaji ba, na san lokacin da ake sa tsamin kuka. Yabon ya shiga kaina sosai. Ina ganin babu abin da hannuna ba zai gyara ba.

A makon da nake ba da labari rijiyar gari ta ja baya. Guga ya sauka ya dawo da rabin laka. Dattawa suka yanka cewa kowane gida tulu biyu a yini, ba ƙari. Cikin tulu biyun nan za a sha, a yi alwala, a ba akuya, a canza wa dilo ruwa. Canjin ruwan aikina ne. Rana ta farko da ta biyu na canza. Ta uku na tarar tulun ya kusa ƙasa, Baba bai dawo daga gona ba, na san da ƙishi zai shigo. Na leƙa tukunyar, na ce yini ɗaya ba zai yi komai ba. Ta huɗu na canza. Ta biyar na tsiyaye rabi na cika da rabi. Ban gaya wa kowa ba, don ban ɗauke shi laifi ba. A lissafina kwana ake ƙirgawa.

Ranar kasuwar Mirriya Inna ta kai tabarmarta ta aure ta sayar, ta dawo da ɗan gero a ƙullin zane da dabino bakwai. Ta ɓoye dabinon cikin ƙwaryar rufi, ta ce na Habsu ne, a riƙa ba ta ɗaya-ɗaya. Habsu ta tsotsi rabin guda ta yar. Kwana biyu ke nan babu abin kirki da ya shiga cikinta.

Safiyar kwana na shida aka wayi gari da wani irin zafi mai nauyi, iska ta tsaya cak, sama ta yi fari fat. Baba da Inna suka tafi gona yin binne, wato shuka cikin busasshiyar ƙasa a jira ruwa ya tarar da iri. Kaka kuwa tun kafin gari ya waye ta bi mata daji, don an ce an ga hanza mai yawa can wajen wani kwari. Duhu bai bar ta ta duba tukunya ba. Tana ɗaura ɗankwali ta ce mini, "Kada a taɓa shi sai na dawo."

Aka bar ni da Habsu. Da hantsi ta daina kuka, kuma wannan ya fi kukan tsorata ni. Tana kwance a tabarma, ido rabi a buɗe, ƙuda na sauka a bakinta ba ta kora. Na ɗaga hannunta na saki, ya faɗi. Na ce a raina yarinyar nan ba za ta kai dawowar Kaka ba, ga abinci a tukunya ya cika kwanansa.

Na tsamo ƙwaya na fasa kamar yadda Kaka ke yi. Da ɗaci. Ba mai tsanani ba, amma yana nan, yana kama gefen harshe. Na tofar, na tsaya. Wallahi na ji shi, ba zan ce ban ji ba. Sai wata dabara ta zo mini, har na ji daɗin kaina.

Na dafa dilon ya yi laushi, na daka shi lilis da ɗan geron Inna. Na tatsi akuya, abin da ta bayar bai cika ludayi biyu ba. Na jiƙa garin ƴaƴan kuka na tace, na daka citta da kanumfari biyu da na tsinta a ƙasan gwangwanin yaji. Sannan na buɗe ƙwaryar rufi na kwashe dabinon nan duka, shida da rabi, na cire ƙwallayen, na kirɓa su har suka zama kamar ƙuli. Na haɗa, na burga, na tace da mayani, na sake burgawa. Na lasa, da saura kaɗan. Na ƙara tsamin kuka. Na sake lasa. Babu ɗaci ko na misƙala. Tun da nake dama abu a duniya, kafin ranar da bayanta, ban taɓa yin wanda ya kai shi daɗi ba.

Na ɗora Habsu a cinya na kai ludayi bakinta. Ta datse. Na shafa mata a leɓe. Ta lasa, ta buɗe ido, ta kama ludayin da hannu biyu. Ina jin ƙarar haɗiyarta. Da ya ƙare ta dube ni.

"Yaya, ƙara."

Na ƙara. Ta sake cewa ƙara, na sake ƙarawa. Ni da na kwana da yunwa ban kurɓi ko ludayi ɗaya ba, ina kuka ina dariya, ina jiran su Inna su dawo in ba su labari. Ta shanye ƙwaryar tas, cikinta ya yi tim, har ta yi mini wasan ɓoye fuska kafin barci ya ɗauke ta.

Bayan azahar ta farka da ihu tana naɗe ƙafafu. Amai ya fara, zawo ya biyo. Kafin la'asar na canza mata zane sau biyar, na ƙarar da ruwan tulu. Gabas ta yi baƙi, iska mai zafi ta taso tana kaɗa ƙofar zana, ga su Inna sun shigo da gudu don wata maƙwabciya ta je ta kira su. Inna ta karɓe ta tana salati. Baba ya fita neman jaki.

Kaka ce ta shigo ƙarshe da buhu a ka. Ta sauke, ta dubi yarinyar, ta dubi ƙwaryar da na bari a gindin turmi. Ta ɗauka, ta shafo gefenta da yatsa ta lasa.

"Wa ya dama wannan?"

"Ni ce, Kaka."

"Ya yi daɗi," ta ce a hankali.

Ta wuce bayan ɗaki inda tukunyar take, na bi ta. Ta tsamo ƙwaya cikin ragowar, ta fasa, ko riƙewa ba ta yi ba ta tofar. Ta daɗe tana goge baki da gefen zane.

"Rabi, ruwa nawa?"

"Kwana shida ne yau, Kaka."

"Ban tambaye ki kwana ba."

Na ɗaga ido na dube ta. Ta ƙirga a fuskata. Sai ta ɗauki tukunyar nan, aikin mako guda na mace uku, ta kai bayan gida ta kifar, ta tura ƙasa da ƙafa ta rufe. Da ta dawo ta kama kunnena, ba da zafi ba, ta matso da bakinta.

"Ɗacin nan da kika rufe, shi ne bakinsa. Da shi yake gaya miki bai yarda ba tukuna. Kin ji? To, ki haɗiye maganar nan. Uwarki na da ciki."

Hadarin ranar ma watsewa ya yi. Washegari da sassafe Baba ya ɗora Inna da Habsu a jaki zuwa wajen likita a Mirriya. An yi abin da za a yi. Jikin ne babu abin da zai riƙe da shi. A rana ta uku da hantsi na hango su daga nesa, Baba na jan jakin, Inna a sama, bayanta babu goyo.

Bayan kwana biyu aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Tabkin bayan gari ya cika ya tumbatsa, ruwan da zai jiƙa dilon duniya duka. Na tsaya a bakinsa na ji na tsane shi.

Har yau ban sani ba ko yunwa ce ta ɗauke ta ko ƙwaryata. Yara da yawa sun tafi a shekarar, waɗanda ba su ga dabino ba. Na gaya wa kaina haka sau dubu, bai taɓa zama mini ba. Kaka ta rasu da maganar a cikinta. Inna kuwa ta yi shekara ashirin da wani abu bayan nan, kuma duk lokacin da aka ambaci Habsu sai ta dafa kafaɗata ta ce wa mutane, "Rabi kaɗai ta iya sa ta ci. Allah ya yi mata albarka, ƴata ba ta tafi da yunwa ba, da zaƙi a bakinta ta tafi." Mutane su ce amin, ni ma in ce amin. Babu dukan da ya taɓa yi mini zafin wannan albarkar.

Duk wannan ya wuce ta kaina ina zaune gaban injin Nafisa. Ta tsaya da ayaba a hannu tana kallona.

"Inna, lafiya? Ko in fasa sa shi?"

Na so in ce ta fasa. Na so in ɗauki ledar in kai bayan gida in tura mata ƙasa. Amma ga Ramatu a tabarma, wuya dogo, ido rabi a buɗe, kwana biyu ba ta ci abin kirki ba.

"Miƙo," na ce.

Na yage ledar da haƙori, na ɗibi garin na ɗora a harshe. Na dubi ƙasa. Na jira shi a gefen harshe inda ya saba kamawa. Na kurkure baki na sake ɗiba daga ƙasan ledar. Na jira har Nafisa ta fara motsa ƙafa. Babu. Ko wace ce ta jiƙa wannan dilon, ta ba shi ruwansa cikakke.

"Cokali ɗaya," na ce. "Ki burga ba dabino, in sake ji. Sannan ki sa."

Ba ta yi mini tsiya ba wannan karon. Ta yi yadda na ce. Na karɓi kofin na ɗora Ramatu a cinya. Ta datse baki. Na shafa mata a leɓe, ta lasa, ta kama kofin da hannu biyu. Da ya ƙare ta ɗago kai.

"Kaka, ƙara."

Nafisa ta yi guɗa ta miƙo jug ɗin injin. Hannuna ya ƙi karɓa.

"Inna, mene ne? Ƙari fa ta ce."

"Na ji ta."

Na yi bisimilla na zuba mata rabi, rabin ya zube a zanena. Ta shanye ta kwanta a jikina. Daga nan ban tashi ba. Na ɗora tafina a cikinta ina sauraro, azahar ta yi, na yi salla a zaune kusa da ita, na mayar da hannun. Gabas ta fara baƙi, iska ta taso tana buga ƙofar langa-langa. Nafisa ta kwashe shanya ta dawo ta zauna gabana, ta ce ba za ta motsa ba sai na gaya mata abin da ke damuna. Na gaya mata, tun daga rijiya har jaki. Ita ce mutum ta farko da ta ji bayan Kaka.

Ba ta ce ba laifina ba ne, kuma na gode mata da ba ta ce ba. Ta dai matso ta ɗora hannunta a kan nawa, a kan cikin ƴarta.

Da la'asar sakaliya Ramatu ta farka. Muka zuba mata ido mu biyu. Ta yi miƙa, ta sauka daga cinyata, ta tafi tana tangaɗi wajen injin, ta nuna shi da yatsa. A waje hadarin ya sake watsewa, ko ɗigo bai sauka ba.

Nafisa ta jawo kwanon gyaɗa da ledar garin da nonon, ta jera su gabana ɗaya bayan ɗaya. Dabinon ta riƙe shi a hannunta.

"Ɗanɗana, Inna," ta ce. "Muna jira."